Marubucin Zango Tsakanin Raina Kai da Dogon Buri

A unguwannin Zango na birnin Accra, tun daga Nima da Maamobi har zuwa Sabon Zango, Fadama da Madina, akwai rubutun Hausa mai tarin yawa wanda idon kowa bai taɓa sauka a kansa ba in ban da na mai shi. Wani yana cikin littafin rubutu irin na 'yan makaranta da aka cika rabinsa aka tura ƙasan akwati, wani kuma yana cikin wayar hannu, babi ɗaya ko biyu na labarin da aka fara da zumuɗi bayan sallar isha'i, aka yi watsi da shi kafin wata ya ƙare. Masu wannan rubutu suna da abin faɗa, domin duk wanda ya tashi a gidan haya mai ɗakuna barkatai, inda Bahaushe da Bazabarme da ɗan Dagomba da ɗan Kotokoli ke ɗibar ruwa a famfo ɗaya, ba zai rasa labari ba. Abin da ke riƙe musu hannu, a iya fahimtata, abu biyu ne da ake zaton kishiyoyin juna ne alhali tushensu ɗaya, wato raina kai da dogon buri. Mai raina kai yana ganin rubutunsa bai isa a nuna wa kowa ba, mai dogon buri kuma ba ya son rubutunsa ya fito sai ranar da zai girgiza duniya, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka biyun.

Na sha jin yadda matasanmu ke furta wannan damuwa. Wani zai ce, "Malam, ai Hausarmu ta Zango ce, in mutanen Kano suka gani dariya za su yi mana." Wata za ta ce, "Yaya, bari dai sai na ƙware tukuna." Abin da ke sosa mini rai shi ne, kafin a tashi daga zaman, wanda ya gama cewa rubutunsa bai kai a karanta ba shi ne zai tambayi nawa masu shirya fim ke biya idan suka ɗauki labari, ko kuma ta wace hanya ake bi a fassara littafi zuwa Turanci. Tsakanin shafin da bai kammala ba da shaharar da yake hange, ya tsallake dukkan aikin da ke tsakiya, kuma wannan aikin da ya tsallake shi ne rubutun.

Ba na cikin masu ganin cewa wannan shakka rauni ne na zuciya kawai, wanda za a kawar da shi da 'yan kalaman ƙarfafa gwiwa. Tana da dalilai da ake iya nunawa da yatsa. Hukumar Harsunan Ghana, wadda aka kafa tun 1951, tana buga littattafai da harsuna 11, daga Twi da Ewe da Ga har zuwa Dagbani da Gonja da Kasem, amma babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita. Yaron Zango yana zuwa makarantar boko a koya masa rubutun Turanci da na wani harshen ƙasa, yana zuwa makarantar allo ko ta Islamiyya a koya masa haruffan Larabci, harshen da yake yin mafarki da shi kuwa bai taɓa ganin malami ya rubuta shi a jikin allo ba. A ƙarƙashin wannan akwai wani tsohon tabo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma unguwannin Zango na cikin wuraren da abin ya fi girgizawa. Iyalai da dama sun koyi darasin cewa Hausa ta gida ce da kasuwa da masallaci, ba abin da za a ɗaga a gaban hukuma ba. Jikokin waɗannan iyalai ne yau ke ɗaukar biro hannu na rawa. Wanda ba a taɓa koya masa abu ba, idan ya ji bai iya ba, gaskiya ya ji. Kuskurensa kawai shi ne ya ɗauka rashin iyawar halitta ce.

Abin da ya rasa ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ka'idojin rubutun Hausa, wato inda ake haɗa kalma da inda ake rabawa, da amfani da haruffa masu ƙugiya, da bambanta sautukan da bakinmu ya saba haɗewa, duk abubuwa ne da mai himma zai iya kamawa cikin 'yan watanni idan yana karanta ingantaccen rubutu kullum. A yau wayar da ke aljihunsa tana buɗe masa shafukan sashen Hausa na BBC da na DW da jaridar Aminiya, tana kuma da allon rubutu mai ɗauke da waɗannan haruffa.

Batun karin harshe shi ne ya fi zurfi, kuma a nan nake son mu yi wa kanmu adalci. Gaskiya ne Hausar Ghana ta bambanta da ta Kano. Da yawanmu ba ma bambanta namiji da mace a cikin jimla yadda ake yi a can, mun ari kalmomi daga Twi da Ga da Turanci, kuma akwai lafazin da mutum zai yi a gane daga ina ya fito tun bai rufe baki ba. Amma haka harshe yake zama idan ya yi tafiya ya zauna cikin mutane. Hausar nan ta biyo ayarin fataken goro zuwa Salaga da Kumasi, ta sauko bakin teku, ta zama harshen da ƙabilu masu yawa ke ciniki da aure da sulhu da shi. Basakkwace ma ba ya magana irin ta Bakano, kuma ba mu ji ya nemi afuwa a kan haka ba. Shawarata ga marubucin Zango ita ce ya koyi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu domin mai karatu a Zinder ko Kaduna ya iya bin sa ba tare da tuntuɓe ba, sannan ya bar mutanen cikin labarinsa su yi magana da bakinsu. Idan mai sayar da koko a bakin titin Nima ta buɗe baki a cikin littafi tana magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kano, an yi wa mai karatu ƙarya, kuma an zubar da abu ɗaya da marubucinmu ke da shi wanda na Kano ba shi da shi.

Shakka kanta iri biyu ce, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Akwai wadda ke duban jimla ta tambaya ko wannan kalma ce ta dace, ko wannan babi bai yi tsawo ba, ko mai karatu zai yarda cewa uba zai faɗa wa ɗiyarsa irin wannan magana. Wannan abokiyar aiki ce, kuma marubucin da ya rabu da ita ya fara lalacewa. Akwai kuma wadda ke barin jimla ta koma kan mutum, tana tambayarsa shi wane ne da zai yi rubutu, ɗan gidan wa, digiri nawa gare shi. Ita wannan ba ta taɓa gyara ko da waƙafi ɗaya ba. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce: ta farko tana mayar da mutum kan takarda, ta biyu tana tashe shi daga kanta.

Mafi yawan abin da ke ciyar da ta biyun shi ne gwada kai da ma'aunin da bai dace ba. Matashi zai karanta Magana Jari Ce, ya dubi shafinsa na farko da ya rubuta jiya da dare, ya yanke hukunci cewa shi ba marubuci ba ne. Ya manta cewa abin da ke hannunsa littafi ne da ya bi ta hannu da yawa. Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam, marubucin littafin, malamin makaranta ne a Katsina mai kimanin shekara 22, kuma Rupert East da ke jagorantar hukumar ya bi rubuce-rubucen da suka yi fice da gyara kafin a buga su. Da aka zo aikin Magana Jari Ce, sai da aka ɗauko Imam daga aji zuwa Zariya domin ya zauna ya fuskanci rubutun kaɗai. Faɗin haka ba ya rage masa komai daga baiwarsa, wadda ba a jayayya a kanta. Amma a bayan wannan baiwa akwai edita, akwai lokaci, akwai hukuma mai kuɗin bugawa da makarantun da ke jiran littafin. Yarinyar da ke rubutu a waya a cikin tro-tro, wato motar haya, tsakanin Madina da shataletalen Circle, bayan ta wuni a shago, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka zalunci ne ta ɗora daftarinta na farko a sikeli ɗaya da wancan.

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a unguwanninmu ya san 'yar koyo ba ta fara ɗinki da shadda. Takardar buhun siminti ake ba ta ta yi ta bi da keke har layinta ya miƙe, kuma babu uwar ɗakin da ke korar yarinya don ɗinkinta na makon farko ya karkace. A rubutu kaɗai muke son aikin farko ya fito ba aibi, in bai fito haka ba mu ce ba mu da rabo a ciki. Labarin farko da na biyu, wataƙila har na biyar, na koyo ne, kuma amfaninsu yana cikin kammala su. Wanda ya kai gajeren labari mai shafi huɗu ƙarshe ya san abin da mai babin farko guda goma bai sani ba, domin a tsakiyar labari da ƙarshensa ne ake gane ko an san inda aka dosa.

Ya kamata kuma mu tuna cewa rubutun Hausa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya koma Krachi bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892, ya kuma rasu a can a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami a kan zuwan Turawa, da talauci da wadata, da al'amuran zamaninsa. Babban malami ne, kuma ba ina cewa kowa zai kai matsayinsa ba. Abin lura a wurina shi ne yadda aikinsa ya rayu. Almajiransa ne suka riƙa kwafa da hannu suna tafiya da shi garuruwa, har lokacin da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara tsofaffin rubuce-rubucen malamai a shekarun 1960 ta tarar da ayyukansa a hannun mutane. Masu karatunsa na farko 'yan kaɗan ne da ke zaune a gabansa, kuma don su ya rubuta. Takardun suna nan Legon, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga kowace unguwar Zango a Accra, amma 'yan ƙalilan ne cikin masu sha'awar rubutu a cikinmu suka san da zamansu.

A ɓangaren buri, gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Littafin Hausa a Ghana ba zai ciyar da gida ba a halin da ake ciki. Babu kamfanin ɗab'i da ke neman sa, babu manhajar makaranta da za ta tilasta sayensa, takarda da tawada daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma da yawa daga masu jin Hausa a nan ba su saba karanta ta ba. Wanda ya shiga rubutu da lissafin cewa littafinsa na farko zai biya masa kuɗin haya na shekara biyu zai fita da ɓacin rai, ya kuma ɗauka rashin cinikin shaida ce a kan ƙwaƙwalwarsa, alhali shaida ce a kan kasuwa. Haka batun gasa yake. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta dama ce mai kyau, kuma ina son in ga 'yan matanmu suna shiga, amma 'yan kaɗan ne ke samun kyauta daga cikin ɗaruruwan da ke aika labari. Wadda ba ta ci ba ta riga ta samu abin da ba ta da shi a da, wato labari kammalalle da ta rubuta cikin wa'adi.

Marubutan Kano da muke jin tsoron dariyarsu su ma an yi musu dariya. Da tattalin arzikin Najeriya ya tsuke a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa kasuwa. An kira aikinsu adabin kasuwa, an yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan ko ya cancanci a kira shi adabi ma. Ba su tsaya jiran izini ba, kuma yau jami'o'i na nazarinsu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana ƙarama ta koma neman ilimi daga baya, ta fitar da wani littafinta a 1990, kuma sai a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Shekara 22 ke nan tsakani. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma mai son a fassara shi tun bai kammala babi na uku ba ya kamata ya riƙe wannan tazara a ransa.

Akwai wani abu na zamani da ke hura wutar raina kai da dogon buri a lokaci guda. Mutum zai ɗora shafi a Facebook ko ya tura a zauren WhatsApp, ya zauna yana ƙirga masu yabawa. Idan sun yi yawa ya ji ya gama koyo, idan sun yi kaɗan ya ji ya gama yawo. A duka biyun babu wanda ya gaya masa cewa tattaunawar shafi na biyu ta yi tsawo, ko cewa ya kashe wata mata a babi na huɗu ba tare da ya sa mun damu da ita ba. Mu mutane ne masu kara, kuma yana yi mana nauyi mu dubi idon ɗan uwa mu ce aikinsa da saura, sai mu ce masha Allah mu wuce. Kara tana da muhallinta, amma a nan cutarwa take yi. Abin da marubuci ke bukata shi ne mutum biyu ko uku masu karatu da gaske, waɗanda ya amince ba hassada a ransu, waɗanda za su nuna masa wurin da suka gaji da wurin da suka ƙagu su ga abin da zai biyo baya. Irin wannan gyara yana kwantar da shakka fiye da yabo, domin yana mayar da tsoro marar fuska ya zama aiki ƙayyadadde da za a iya yi gobe da safe. Karanta rubutu da murya a gaban tsohuwa a gida ma yana da amfani, domin kunnenta zai kama jimlar da aka gina da Turanci aka sa mata rigar Hausa.

Tsoron unguwa shi ma gaskiya ne, musamman ga mata. Zango wuri ne da kowa ya san kowa, kuma mace ba za ta rubuta labarin kishi ko saki ba sai an ce da gidan wane take. Namiji ma idan ya taɓa batun rikicin shugabancin masallaci ko yadda 'yan siyasa ke amfani da samari lokacin zaɓe, sai an nemi sanin wanda ya aiko shi. Ba zan ce wa kowa ya yi watsi da mutuncin gidansu ba. Amma ƙagaggen labari yana da hanyoyinsa: a sauya unguwa, a haɗa halayen mutum uku a jikin mutum ɗaya, a yi amfani da sunan alƙalami idan ya zama dole. Mu kuma masu karatu ya kamata mu daina farautar fuskokin maƙwabta a cikin kowane labari, domin wannan ɗabi'a ta rufe bakin mutane masu baiwa fiye da yadda muke zato.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan batu da zafi shi ne yawan abin da ke salwanta. Tsofaffin da suka ga 1969 da idonsu, waɗanda suka raka maƙwabta tasha ba su sake ganinsu ba, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, yana nan a bakin mutane, haka ma gobarar kasuwar Kantamanto ta farkon 2025. Akwai samarin da suka bi ta Agadez zuwa Libiya, wasu suka dawo wasu ba labari, akwai 'yan mata masu dakon kaya a ka a kasuwannin Agbogbloshie da Kejetia, akwai iyayen da ke rayuwa da kuɗin da ɗa ke turowa daga Jamus ko Amurka ba su san irin aikin da yake yi ba. Manazarta daga waje sun yi rubutu a kan Nima da Sabon Zango da Turanci, kuma wasu sun yi ƙoƙari, amma ba su ji abin da ake faɗa a ɗaki bayan baƙo ya tafi ba.

Nauyin bai kamata ya tsaya a wuyan marubuci shi kaɗai ba, tun da rashin makaranta da rashin edita ba shi ya jawo su ba. Muna da gidajen rediyo da ke magana da mu, irin su Marhaba a Accra da Zuria a Kumasi, kuma minti goma sha biyar a mako da za a ware don karanta gajeren labarin wani ɗan unguwa zai kai rubutu kunnen dubban mutanen da ba za su taɓa buɗe littafi ba. Muna da sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasa da ke raya Ranar Hausa ta Duniya kowace 26 ga Agusta da kiɗa da rawuna da jawabai. Ina roƙonsu, da girmamawa, su ƙara abu ɗaya a cikin shirin: a ari aji guda a wata makarantar Islamiyya, a gayyato wanda ya san ƙa'idar rubutu ya zauna da jan biro, kowane matashi ya zo da shafi biyu ya karanta a gyara masa, sannan a sa ranar sake haɗuwa bayan wata ɗaya maimakon a jira wata shekarar. Waɗanda suka jure zuwa har wata shida a tattara labaransu a ɗan ƙaramin littafi, ko da kwafi ɗari ne, a raba wa makarantun unguwa. Kuɗin da duk wannan zai ci ba zai kai na hayar rumfuna da kujerun bikin yini ɗaya ba.